Kujerar da Ba Ta Kwantawa

Ɗiyana, ku aje abin da ke hannunku ku saurare ni. Na cikina nake kira, waɗanda suka yi gemu suka aje iyali, da ku da kuke bin shafin nan kuna ce mini Inna. Magana aka kawo mini, ta kwana uku a raina ta ƙi narkewa. In na gama zan tambaye ku, don haka kada wanda ya tsallake ya sauka ƙasa.

Akwai wani matashi a nan Dogon Dutsi, sunansa Luƙman, ɗan Malam Buba da Hannatu. Iyayen manoma ne a wani ƙauye kan hanyar Matankari. Shi ya shigo gari, ya buɗe shagon kayan salula, Allah ya buɗa masa.

Wandonsa bai taɓa sauka ƙasa da idon sawu ba, sahun farko ba ya wuce shi, kuma duk kasuwa an san shi da abu guda: ba ya ƙarya. In caja ta jabu ce, zai ce maka ta jabu ce, ka saya ko ka bari. Ku riƙe wannan da kyau.

Bayan tsohon gidan wani furoje, wato ma'aikatar haƙar rijiyoyi, akwai wata mota da wani Bature ɗan Italiya ya bari tun Luƙman yana rarrafe. Ƙarama ce, gajeruwa, cikinta kusan a ƙasa. Kaji suna ƙwai a cikinta, zanzaro ya yi gini a kan injin, tayoyi sun narke sun haɗe da yashi. Kowa yana wucewa ta gefenta. Luƙman kaɗai ya tsaya.

Da jaki aka jawo ta zuwa ƙofar gidansa, 'yan kasuwa suna bin shi da dariya.

Makanike uku suka buɗe injin suka rufe. Na ukun ya ce, "Wanga inji ba irin namu ba ne, komi nashi a karkace yake. Kai ta wurin masu awon ƙarfe ka huta."

Bai kai ta ba. Ya zauna da salularsa yana kallon Turawa suna kwance irin injin suna surutu da yaren da ba ya ji, yana bin hannuwansu da ido. Yana da aboki da ke tsinkar tumatir can Italiya, shi ke yawo wuraren tsoffin motoci yana cire masa ƙananan kaya, a aiko ta Kwatano. Gilashin baya kaɗai wata bakwai ya yi a hanya, ya iso naɗe cikin bargo. Kujerun gaba ya kai wa baduku, aka rufe su da baƙar fatar akuya, aka bi da jan zare. Fenti kuwa sai da ya kai ta Yamai.

Shekara biyu da rabi. Ni ban san mota ba, amma na san aiki, kuma yaron ya yi aiki.

Ranar da ta tashi, har bakin tasha aka ji gurnaninta. Ja wur, ƙarama, ga zafin gudu. Kafin la'asar gari ya sa mata suna Barkono.

Bari in faɗa muku yadda aka ƙera ta, don in ba ku gane wannan ba, ba za ku gane sauran ba. Ƙofa biyu gare ta, ɗaya dama ɗaya hagu. Ta uku a baya take, ana ɗaga ta sama, ta kaya ce, ita ke da babban gilashin nan. Wanda zai zauna a baya, sai an ja wani ɗan ƙarfe a gefen kujerar gaba, kujerar ta kwanta, ya sunkuya ya shige. Tagogin baya 'yan ƙanana ne kuma ba su buɗewa. Kujerun gaban dogaye ne, sun kusa taɓa rufi, tsakaninsu ko ƙwarya ba ta wucewa.

To, kun san garinmu. Mai mota ba ya wuce babba a hanya. Ba a rubuta ba, amma kowa ya sani.

Watan farko Luƙman ya ɗauki mutane. Wata ta shiga da ƙwaryar nono, suka faɗa rami, nonon ya bi ɗinkin kujera. Wani ya shiga da ɗan akuya a cinya, ɗan akuyan ya yi abin da ya saba. Wata tsohuwa ta shiga da ƙullin daddawar batso, sati biyu motar tana warinta. Ba zan ce bai da dalilin jin haushi ba. Yana da shi.

Amma ya zai yi? Ya ce babu wuri, ga kujerar baya kowa yana gani. Ya ce motar ta lalace, ƙarya ce, shi kuwa ba ya ƙarya. Ya wuce bai tsaya ba, kafin magariba maganar ta kai kunnen ubansa.

Sai ya yi dabara. Wata safiya ya kai motar wurin Iro mai walda, dattijo ne, abokin wasan kowa, bakinsa kullum ja da goro.

"Baba Iro, ƙarfen nan da ke kwantar da kujera nake so ka liƙe. Duka biyu."

Iro ya ja ƙarfen, kujera ta kwanta sumul. Ya mai da ita. "Mi ya same shi? Lafiyarshi lau, ya fi gwiwata."

"Ƙara yake yi a hanya."

"Ƙara?"

Luƙman ya ji bakinsa ya fara karkata. Sai ya gyara. "Ba ƙara ba ne. Ba na son a riƙa shiga baya."

Iro ya tofar da goro. "Ɗana, mota mai ƙofa biyu, kujera ita ce ƙofar na baya. Ka taɓa ganin wanda ya gina ɗaki ya toshe ƙofa da laka?"

"Ɗakin da ba mai kwana ciki fa? Baba Iro, walda na zo, ba wa'azi ba."

"Oho, yau ni ake hana wa'azi, ga masu guntun wando!" Iro ya yi dariya, ya sa baƙin gilashinsa. Cikin rabin awa ya gama. Ya liƙe ta ciki, ya goge, ya shafa baƙin fenti. Ko mai ƙera motar ya zo ba zai ga wurin ba.

Daga ranar Luƙman ya samu sauƙi. Duk wanda ya ɗaga hannu, zai tsaya, ya fito, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Wallahi kujerar ba ta kwantawa. Gwada da hannunka." Mutum ya ja, ya ja, ya haƙura. Kujerar gaba kuwa kullum da kwalin kaya a kanta.

Rantsuwarsa gaskiya ce, kun ji. Kujerar ba ta kwantawa.

Wata ranar kasuwa, da bazara, rana tana dukan tsakar ka, ya tarar da wani mutum a bakin gebe da ke kan hanyar ƙauyensu. Gebe, ga 'yan birnin cikinku, shi ne kwarin da ruwan tudu ke bi in an yi sama. Da rani yashi ne kawai, an shimfiɗa siminti a ƙasansa motoci suna bi. Mutumin sunansa Dalhatu, manomi ne mai shanun noma, gidansa nan kusa. Yana riƙe da hannun uwarsa, tsohuwa, idonta ɗaure da tsumma, za su likita a Dutsi.

Luƙman ya tsaya, ya yi gaisuwa, ya faɗi maganarsa. Dalhatu ya kama ƙarfen ya ja. Ya sake ja da hannu biyu. Ya dubi kwalin da ke kujerar gaba, ya dubi Luƙman.

"Allah shi kiyaye hanya," in ji shi.

Luƙman ya ce amin, ya wuce.

Har iyayensa bai ware ba. Da suka zo Dutsi sunan ɗiyarsa ta fari, uban ya ɗauka a gaba, uwar ya tsayar mata da kabu-kabu, wato babur ɗin haya. Hannatu ba ta ji haushi ba, ita ta ɗauka haka aka ƙera motar. Ta leƙa ta ga kujerar baya a kulle kamar rumbun da ba a buɗe ba, ta riƙe baki ta ce, "Su Turawan nan ba su da dangi ne?" Mata suka yi ta dariya. Luƙman ma ya yi.

Yanzu ku gyara zama.

Daminar da ta wuce, cikin watan takwas, gero ya kai ƙugu, Malam Buba yana maimai a gonarsa bayan azahar. Ya sa hannu zai cire ciyawa a gindin shuka, bai ga komi ba, ya taka gaba. Igiyar ƙasa ta taɓa shi a ƙafar hagu. Mu ba mu kiran sunanta a ranar, amma ku zan faɗa muku, kububuwa ce. Wadda in ta sari mutum jininsa ke daina daskarewa.

Aka kashe ta, aka sa a buhu don likita ya gani. Hannatu ta sa aka kira Luƙman.

A nan Barkono ta nuna abin da aka ƙera ta dominsa. Hanyar da kabu-kabu ke yi a minti arba'in, ƙasa da ashirin ya yi ta. Da ya bi ta geben, busasshe ne ƙayau, awaki ma suna kwance a kan simintin. Rana tana haske. Can arewa maso gabas ne kawai sama ta yi baƙi ƙirin, bai ko kula ba.

Ya tarar da ubansa a ƙarƙashin kalgo. Malam Buba ƙaton mutum ne, ƙafar ta kumbura har gwiwa, in ya tofa miyau da jini yake fita. Ba ya iya zama, in an tayar da shi jiri ke kayar da shi.

Luƙman ya ɗaga ƙofar baya, ya kwantar da majinginar kujerar baya, wurin ya zama shimfiɗa. Maza huɗu suka ɗaga Malam Buba suka zura shi ta nan, kansa wajen kujerun gaba, ƙafafu wajen gilashi. Hannatu ta riga shi hawa, ta naɗe ƙafa a lungu, ta ɗora kansa a cinyarta. Aka rufe ƙofar a kansu. Buhun macijin aka aje a kujerar gaba.

Da suka iso geben, ba shi ne wanda ya bari ba. Ruwa ja yana bi ta kan simintin, kamar zuwa ƙwauri. Ko ɗigo ba a yi a wurin ba, ruwan can tudu ne ya gangaro. A ƙetare akwai mutane tsaye da babura, da wani mai amalanke da shanu biyu, suna ta ɗaga masa hannu ya tsaya.

Hannatu ta ce, "Luƙman, ruwa."

"Bai kai komi ba, Inna."

Malam Buba ya yi tari, jini ya ɓata mata zane. Luƙman ya gani a madubi, ya taka.

Ba zan zarge shi a nan ba. Ubansa yana zubar da jini a bayansa. Ni ma da na taka.

Amma motar gajeruwa ce, hancinta a ƙasa yake shaƙar iska. A daidai tsakiya ta yi tari biyu ta mutu. Ya murza makulli, shiru. Ya sake murzawa. Ya sake.

"Luƙman," in ji Hannatu, a hankali. "Saurara."

Wani ruri ne ke tahowa daga sama da kwarin, kamar manyan motoci goma a jere. Mutanen ƙetare suka fara ihu suna ja da baya. Ya waiwaya ta taga, ya ga ruwan yana zuwa a tsaye, ja, ɗauke da karan dawa da rassa da wata matacciyar tunkiya tana juyawa a kansa.

Ruwan ya daki motar. Ta ɗagu kamar ƙwarya, ta juya, ta sauka daga simintin, ta tafi da baya da baya. Sai suka ji ƙara, gam! Gindinta ya daki wani ƙaton gawo da ke cikin kwarin, ta tsaya a nan, hancinta yana kallon ruwan, ruwan yana danna ta jikin iccen.

Ƙofar da aka shigar da su ta nan, yanzu gawo ya tokare ta.

Ruwa ya fara shigowa ta ƙasa. Luƙman ya tura ƙofarsa, ta ƙi. Ya sauke gilashi, ya zura jiki ya fita ta taga, ruwa ya kai shi ƙirji ya nemi ɗauke shi, ya rungume ƙarfen taga. Ya zura hannu ciki ya kama ɗan ƙarfen kujera ya ja.

Ku ji fa. Ya ja shi. Shi da ya sa aka liƙe. Tsoro ya mantar da shi, ko kuwa yana roƙon Allah ya sa Iro ya yi ha'inci a aikinsa. Iro bai yi ha'inci ba.

"Buɗe muna, ɗana," in ji Hannatu. "Ta ina za mu fita?"

Ya ja har fatar hannunsa ta saluɓe. Ya dafa rufi ya sa ƙafa ya tokari majinginar. Ko motsi. Ruwa ya rufe kujerun gaba, buhun macijin ya taso yana yawo, ya bi ta tsakanin kujerun ya taɓa hannun Hannatu. Ta yi ƙara guda, ta ture shi, ta koma ta ɗaga kan mijinta.

Ruwa ya kai shimfiɗar. Ya jiƙa bayan Malam Buba. Inda ƙafarsa take, ruwan ya ƙara ja.

Luƙman ya juya yana ihu, "Jama'a! A taimake ni! Ubana da uwata!"

Mutum ɗaya ya shigo. Mai amalanken nan ne, ya ɗaura igiyar rijiya a ƙugu, maza suna riƙe da bakinta a tudu, gatari a saƙale a bayansa. Sau biyu ruwa yana kayar da shi. Da ya kamo motar, Luƙman ya damƙi rigarsa.

"Bawan Allah, kama mini mu kwantar da kujerar nan! Mu biyu za mu iya!"

Mutumin ya share ruwa daga fuska ya dube shi.

"Bar ta. Ba ta kwantawa. Na taɓa gwadawa da hannuna."

Sai a lokacin Luƙman ya gane Dalhatu.

Dalhatu ya matsa gefen motar. Ya zaro gatari ya fasa ƙaramar tagar baya, ya leƙa. "Inna, ke siririya ce, za ki wuce ta nan. Miƙo hannu."

"Shi fa?"

"Shi ba ya wucewa. Ki fito tukuna."

Ruwa ya kai ta ciki. Ta tallabo kan Malam Buba da hannu biyu ta ɗora a kafaɗarta. "In na sake shi, ruwa zai sha. Shekara arba'in da ɗaya ban bar shi ya ci tuwo shi kaɗai ba. Ku yi abin da za ku yi."

Malam Buba ya buɗe ido ya ce, "Hannatu, tahi." Ta ce masa ya yi shiru ya riƙe kalmar shahada.

Dalhatu ya kwance igiyar daga ƙugunsa. Ku lura, ita ce ransa, ya kwance ta. Ya zura ta tagar direba, ya miƙa wa Luƙman ya zagayo da ita ta kan rufi, suka ƙulle a ƙarfen da ke riƙe da gilashin gaba. Ya ɗaga murya ya ce a ɗaura wancan bakin a karkiyar shanunsa, a kora su sama da kwarin.

Aka kora. Igiya ta miƙe tana tsiyayar ruwa. Shanu suka durƙusa cikin taɓo. Motar ba ta motsa ba.

A ciki ruwa ya kai wuyan Hannatu. Ta ɗaga haɓa, ta tura fuskar mijinta sama har hancinsa yana gogar rufi. Abin da ya rage tsakanin ruwa da rufi bai fi tafin hannu ba. Luƙman yana jin numfashin ubansa ta fasasshiyar tagar, yana jin uwarsa tana salati, salatin yana yankewa in ruwa ya shiga bakinta.

Dalhatu ya yi wa shanunsa kira da sunansu, irin kiran da yake musu a gona. Duk wanda ke tudu ya kama igiya, har masu babura da wata mai tallan gyaɗa. Ƙarfen rufi ya lanƙwashe, gilashin gaba ya tsage ya zube. Motar ta yi kuka, ta goga jikin gawo, gindinta ya zame gefe kamar kamu biyu.

Ƙofar bayan ta lotse, makulli ba zai yi ba. Dalhatu ya miƙa wa Luƙman gatari. Gilashin nan da ya jira wata bakwai, sara ɗaya ya yi masa.

Da ƙafafu suka jawo Malam Buba, ta cikin fasassun gilasai, Hannatu tana tura kansa daga ciki. Da suka fito da shi suka waiwaya, ba su ga kanta ba. Luƙman ya nutsa, ya lalubo zane, ya jawo. Ta fito tana aman jan ruwa, abin da ta fara cewa shi ne, "Yana numfashi?"

Yana yi.

Da amalanken Dalhatu aka kai shi bakin kwalta, daga nan wata motar kaya ta ƙarasa da su likita. An yi masa allurar dafi, an ƙara masa jini. Ya rayu. Amma an daɗe a hanya, ƙafar ta sha taɓo da tsagar gilashi, ba ta koma daidai ba. Yau da sanda yake tafiya. Mutumin da ke noma gonarsa shi kaɗai, bana zaune ya ga an yi girbi.

Da a nan maganar ta ƙare, da ban tara ku ba.

Kwana huɗu bayan haka, ɗakin likita cike da 'yan dubiya, sai ga Iro mai walda. Babu goro a bakinsa. Ya durƙusa gaban gadon, dattijo da furfura, ya fashe da kuka.

"Malam Buba, ka yafe mini. Hannuna ne. Na ce mashi kujera ita ce ƙofa, ya ce ba ya son a riƙa shiga mashi baya. Da na ƙi, da tun ruwa na ƙwauri kun fito. Kwana huɗu ban runtsa ba."

Shi Iro ya ɗauka kowa ya sani. Ba wanda ya sani.

Hannatu tana zaune a tabarma tana dama fura. Ta aje ludayi.

"Iro, mi ka liƙe?"

Iro ya dubi Luƙman. Luƙman yana tsaye a bakin ƙofa da ledar magani. Da wani ne, da ya ce tsohon ya ruɗe. Amma na faɗa muku, ba ya ƙarya.

"Ni na sa shi, Inna. Da tana kwantawa."

"Ran sunan ɗiyarka, da ka ɗora ni a kabu-kabu?"

"Na riga na liƙe."

Ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ni ina ta zagin Turawa, ina cewa ba su da dangi. Ashe marar dangin a ɗakina na haife shi."

Ta ɗauki ludayinta ta ci gaba da damu.

Wata biyar ke nan. In ya gaishe ta, ta ce lafiya, ta juya. In ya kawo shinkafa, ta ba maƙwabta. Ya tafi gidan Dalhatu da rago, Dalhatu ya ce ya mai da abinsa, shi ba don rago ya shiga ruwa ba. Luƙman ya tambayi idon tsohuwar. Dalhatu ya ce ɗayan ya tafi, amma ba ya ɗora wa kowa, rana ce ta yi musu yawa a hanya. Luƙman ya ce da mari ya yi masa da ya fi sauƙi.

Motar tana garejin Iro, cike da busasshen taɓo. Iro ya yanke waldar da hannunsa tun ba a ce ya yanke ba. Kujerun suna kwantawa yanzu, ba mai shiga.

Ga inda aka tsaya. Malam Buba ya ce a gyara ta. Ya ce motar ba ta yi laifi ba, ita ta kawo ɗansa cikin minti ashirin. A gyara ta, Luƙman ya riƙa bin hanyar nan duk ranar kasuwa yana ɗaukar duk wanda ya ɗaga hannu, da nononsa da akuyarsa da daddawarsa, har fatar kujerun ta ƙare. Ya ce tubar da ba a gani a hanya, shi bai yarda da ita ba.

Hannatu ta ce ranar da ta sake jin gurnanin motar nan a ƙofar gidanta, ranar za ta koma gidan ƙanenta a Ɗan Kassari. Ta ce har yau in ta rufe ido tana jin rufin a goshinta. A kai ta wurin masu awon ƙarfe, a sare ta tana gani, sannan ta san ko za ta amsa gaisuwar ɗanta.

Luƙman ya zo wurina ya zauna a ƙasa. Ya ce in ya bi uba ya saɓa wa uwa, in ya bi uwa ya saɓa wa uba, kuma duka biyun shi ya kusa kashewa. Na ce masa ni ban tausaya masa ba, kuma ban ɓoye ba. Amma gidan nan yana tsagewa, tsoffi biyu da ba su taɓa raba kwano ba yanzu suna kwana da gardama a kan ƙarfe.

Darasi: Wanda ya gyara duniya don rantsuwarsa ta zama gaskiya, ya yi ƙarya da hannu ko da bakinsa bai yi ba, kuma Allah yana ganin hannun. Hanyar da ka toshe don kada baƙo ya shigo, wata rana naka ne za su nemi fita ta nan. Ku tura wannan ga duk mai abin hawa da kuka sani, da duk mai tsoron ƙarya da ba ya tsoron rowa. Sannan ku dawo nan, ɗiyana, ku manya ne, ku yanke mana maganar: a gyara motar kamar yadda uban ya ce, ko a sare ta kamar yadda uwar ta ce? Kada ku ce mini duka biyu suna da gaskiya, wannan na sani. Ɗaya za ku zaɓa.